A sawun kaboyin da ba shi da suna

Hanyar da ta tashi daga Granada zuwa Almeriya a kudancin Sifaniya, wadda suke kira A-92, sai ta hau da kai tukuna sannan ta sauke ka. Da sanyin safiya muka bar gari cikin watan Afrilu, ɗan wana da ke karatu a can yana tuƙi, ni ina gefensa. Ta hannun dama duwatsun Sierra Nevada ne, ƙanƙara fari fat a kansu. Muka wuce Guadix, garin da har gobe akwai masu zama cikin gidajen da aka fafe a jikin tudu, ba ka ganin komai sai ƙofa da bututun hayaƙi. Daga nan ƙasa ta buɗe, ta fara gangara, kore yana ja da baya kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Kafin mu ankara mun faɗa wata ƙasa mai ruwan toka, tuddai tsirara waɗanda ruwa ya zaizaye ya bar musu tsaga-tsaga, busassun kwaruruka suna ratsa tsakaninsu. Na ce wa yaron ya rage gudu. Na san wurin nan sarai, ko da yake ƙafata ba ta taɓa taka shi ba.

Hamadar Tabernas ke nan, kimanin kilomita 30 arewa da birnin Almeriya, faɗinta wajen murabba'in kilomita 280. Jerin duwatsu biyu ne suka sa ta tsakiya, Filabres ta arewa, Alhamilla ta kudu, su ke tare mata hadari, shi ya sa ruwan da take samu a shekara bai cika kai milimita 250 ba. In ya tashi zuwa kuma da ƙarfi yake zuwa, ya cika kwaruruka na 'yan sa'o'i, ya wuce abinsa. Babu tulin rairayi a cikinta, tsakuwa ce da yumɓu da gajerun ciyayi masu tauri. Tun 1989 hukumar yankin ta sa ta cikin wuraren da doka ke karewa.

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Kano zamanin da Plaza da Eldorado ke cika maƙil da daddare, ya taɓa ganin tuddan nan. Fina-finan Indiya su ke da kasuwa, na Caina na bin baya, amma ranar da aka sa kaboyi akwai mu, masu zuwa tun kafin a buɗe ƙofa. A majigin, wurin nan Texas ne da bakin iyakar Meksiko. A bayan fage kuwa darakta ɗan Italiya ne, Sergio Leone, mai kiɗan ma ɗan Italiya, Ennio Morricone, wanda suka yi aji ɗaya da shi a firamare a birnin Rum. Kuɗin na kamfanonin Italiya ne da Jamus ta Yamma da Sifaniya. Kowane ɗan wasa yana magana da harshensa a gaban kyamara, sai daga baya a ɗora murya. Masu sharhi a Amurka suka raina abin, suka laƙaba wa fina-finan sunan taliyar Italiya. Rainin bai hana a yi ɗaruruwansu ba, bai kuma hana su sauya fim ɗin kaboyi gaba ɗaya ba, har a Amurkar.

Uku ne Leone ya yi da Clint Eastwood. Lokacin na farko, a 1964, Eastwood ɗan wasan talabijin ne kawai, dala 15,000 aka ba shi. Labarin kuma na wani fim ne na Akira Kurosawa na Japan da ya fito a 1961, aka ɗauka babu izini, sai da maganar ta kai ga shari'a aka yanka wa masu shi kaso. Na uku, The Good, the Bad and the Ugly na 1966, shi duniya ta fi sani. Ni nawa na tsakiya ne, For a Few Dollars More, na 1965, kuma shi ya kawo ni lardin nan.

Garin El Paso na cikin fim ɗin yana nan tsaye a gefen hanya, ba nisa da inda ake sauka daga babban titi. Carlo Simi, mai tsara wa Leone gine-gine da sutura, shi ya zana shi aka gina a 1965. Yanzu wurin shaƙatawa ne mai suna Oasys, wasu na ce masa Mini Hollywood, an haɗa masa gidan namun daji da wurin ninƙaya. Muka yanki tikiti muka shiga. Titi ɗaya ne mai faɗi, ƙura a ƙasa, gine-ginen katako hagu da dama, ga banki, ga masauki, ga ofishin ɗan doka, ga wurin rataya. Da rana ta take aka yi wasan fashi, mahaya suka shigo a sukwane, aka yi ta harbin harsashin banza, wani ya faɗo daga bene, yara suka yi ta tafi. Mahayan gwanaye ne, ban rage musu komai ba. Sai dai hayaniyar ta yi yawa, kuma abin da ya sa nake son fim ɗin shi ne shirunsa. Na jira jama'a suka watse zuwa cin abinci, na tsaya a tsakiyar titin ni kaɗai. A titin nan ne mutum biyu suka gwada juna da dare, ɗaya yana harbin malafar ɗaya tana tsalle a ƙasa tana ƙara nisa, har ta fi ƙarfin bindigarsa, sannan ɗayan ya zaro tasa mai dogon hanci ya yi ta ɗaga malafar abokin karawarsa sama da harsashi. Babu wanda ya ji ciwo, babu wanda ya yi doguwar magana, kowa ya san nauyin kowa.

Yaron ya same ni a wurin, ya ce, "Baffa, ni fa ban taɓa ganin fim ɗin nan ba."

Na ce, "To yau za ka gan shi, in Allah ya kai mu masauki."

A Almeriya muka kwana, ƙarƙashin babbar ganuwar da suke kira Alcazaba, wadda halifa Abdurrahman na Uku ya sa aka fara ginawa a 955, zamanin da Musulmi ke mulkin ƙasar. Bayan mun yi isha'i ya kunna kwamfutarsa muka zauna.

Ga wanda bai sani ba, labarin mutum biyu ne masu sana'ar farautar waɗanda hukuma ta sa kuɗi a kansu, a kawo su da rai ko a mace. Ɗaya matashi ne, dogo, gemu buzu-buzu, guntun sigari a gefen baki, ya zura kansa ta tsakiyar wani bargo ya sake shi a kafaɗa. A wannan fim ana ce masa Manco, a na farko Joe, a na uku Blondie. Kamfanin da ya kai fina-finan Amurka a 1967 shi ya tallata shi a matsayin mutumin da ba shi da suna, kuma hakan ya bi shi. Ba a faɗa maka garinsu, ba a faɗa maka ubansa, ba shi da mata, ba shi da aboki. Kusan komai da hagu yake yi, dama tana ɓoye ƙarƙashin bargo kusa da bindiga. Ɗayan dattijo ne, Kanar Mortimer, tsohon soja mai baƙaƙen kaya da lofe, wanda Lee Van Cleef ya fito a matsayinsa bayan shekarun da harkar fim ta juya masa baya. Dukansu suna neman bos ɗin, El Indio, wanda aka sa dala 10,000 a kansa, mutumin da in zai kashe ka sai ya buɗe wani agogon aljihu mai kiɗa, ya ce in kiɗan ya tsaya ka ja bindigarka.

Da aka gama yaron ya rufe kwamfuta, ya ce, "Baffa, ka yi haƙuri, amma jarumin naku ɗan kasuwar gawa ne. Lodin mutane ya yi a amalanke yana lissafin kuɗinsu. Kanar ɗin shi ne mutum."

Ban ba shi amsa a daren ba. Na ce ya bari sai mun je inda aka ƙare fim ɗin.

Washegari muka nufi gabas, wajen Níjar. Babu wanda ya shirya ni ga abin da na gani a hanyar. Leda ce fara shimfiɗe iya ganinka, rumfa bayan rumfa, dubban kadada, a ciki ake noman tumatir da tattasai da kokwamba da kankana da ake lodawa zuwa kasuwannin Turai har cikin hunturu. A gefen titi kuwa 'yan'uwanmu ne baƙar fata da Larabawan Maroko a kan kekuna, wasu da jarkar ruwa ɗaure a baya. A San Isidro muka tsaya sayen ruwa, na yi wa wasu samari sallama a ƙofar kanti, suka amsa da fara'a. 'Yan Mali ne da Senegal. Da ɗan Faransancin da nake da shi da Sifaniyancin yaron muka gaisa, muka tambayi juna gida. Ɗayansu ya ce ya sha ganin allon da ke nuna ƙauyen fim ɗin, amma bai taɓa shiga ba, aiki ba ya bari. Na daɗe ina tuna su bayan mun rabu. Wasunsu a bukkokin leda da katako suke kwana a bayan gonakin, abin da jaridun ƙasar da kansu suka sha rubutawa.

Los Albaricoques ƙaramin ƙauye ne, in ba ka lura ba sai ka wuce shi. Gidaje gajeru masu shafen farar ƙasa, rufinsu a shafe, tagogi ƙanana, rana tana dukan bango tana dawo maka a ido. Shi ne Agua Caliente na cikin fim, inda 'yan fashin suka ɓuya da akwatin kuɗin bankin El Paso. A nan ba a gina gari don kyamara ba, gidajen mutane aka samu aka ɗauka yadda suke, kuma da yawansu suna nan. An sa wa titunan sunayen Leone da Eastwood da Van Cleef da Morricone, an kafa alluna masu hotunan fim ɗin a daidai inda aka ɗauke su, sai ka dubi hoto ka ɗaga kai ka ga bangon.

A wani gidan abinci da aka cika bangonsa da tsofaffin hotuna muka zauna shan shayi, wani tsoho ya ja kujera kusa da mu, yaron yana fassara. Ya ce mazan ƙauyen a da ramukan zinariya na Rodalquilar suke aiki, can bayan tudu. Lokacin da masu fim suka zo zinariyar ta fara ƙarewa, a 1966 aka rufe wurin. Zamanin mulkin kama-karya na Janar Franco ne, lardin yana cikin mafiya talauci a ƙasar, samari suna ta ficewa zuwa Barcelona da Faransa da Jamus. Sai ga Italiyawa da manyan motoci suna neman wanda zai sa malafa ya jingina da bango, ko mace ta leƙo ta rufe taga, a biya su abin da ya fi na wunin gona. Ya ce fuskokin da ake gani suna leƙe a fim ɗin ba 'yan wasa ba ne, maƙwabtansu ne, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Tun daga ranar, in na sake kallon wurin, su nake fara dubawa.

A bakin ƙauyen filin yake. Da'ira ce da aka kewaye da jeren duwatsu gajeru, ƙasa a daddaɓe, tuddai a baya. Da na tsaya a gefenta sai na ga masussuka sak irin ta ƙauyen kakannina, kuma mutanen garin ma da sunan masussuka suke kiranta, irin filin da ake zagaya alfadari a kan alkama da sha'ir. A nan Leone ya kawo mutanensa uku su ƙare.

Na sa yaron ya tsaya a tsakiya, na bi masa abin daki-daki. An kashe yaran Indio kusan duka. Indio ya harbe bindigar Kanar daga hannunsa, tana yashe a ƙasa, sannan ya buɗe agogo. Kowa ya san in kiɗan ya tsaya dattijon ya mutu, don kafin ya sunkuya an gama da shi. Kiɗan yana ja, yana raunana, saura ƙiris, sai wani agogon ya ɗauka daga gefe da irin kiɗan. Manco ne, agogon Kanar a hannu guda, doguwar bindiga a ɗayan, ya auna Indio. A wannan lokacin kuɗi dala 10,000 suna tsaye a gabansa, yatsa kawai zai motsa. Bai harba ba. Ya kwance ɗamarar bindigarsa ya miƙa wa dattijon, ya koma bakin da'ira, ya zauna.

Na ce wa yaron, zaman nan shi ne fim ɗin. Mutumin bai san dalilin Kanar ba tukuna. Sai bayan Indio ya faɗi ya ga hoton yarinyar da ke cikin agogon, ya ga kamanni, aka ce masa ƙanwar Kanar ce, wadda Indio ya kashe mata miji ya keta mata haddi har ta kashe kanta. Amma tun kafin ya sani ya karanta a fuskar dattijon cewa wannan magana ba ta kuɗi ba ce, kuma ba tasa ba ce. Ya daidaita musu fage, ya janye jikinsa. Mai ƙarfi da zai iya gama abu da hannunsa, ya gane cewa haƙƙin wani ne, ya zauna ya bar masa, irinsa ba su da yawa, a fim ko a gari. Morricone ya san haka, shi ya sa ya saki ƙaho a daidai wurin, kiɗan agogo yana tafe a ƙarƙashinsa, kyamara kuma ta bar komai ta koma kan idanu.

Yaron ya ce, "Na ji, Baffa. Amma daga tashinsa ai amalanken ya nufa."

Gaskiyarsa, kuma ba zan wanke mutumin ba. Kanar ya bar masa ladan duka ya hau doki ya tafi, shi kuwa ya bi gawarwaki yana jefawa a amalanke yana tarawa da baki, lissafi ya ƙi cika, ya gane saura ɗaya da rai a bayansa, ya juya ya harbe shi, kuɗi suka tashi dala 27,000. Leone bai ɓoye wannan ba, da gangan ya sa shi a ƙarshe. Kaboyin Amurka na da, mai farar malafa, yana kashe mutane ne fim ɗin yana gaya maka don gari ya zauna lafiya ne. Wannan bai taɓa cewa don kowa yake yi ba. Ya faɗi farashinsa tun farko, shi ya sa ɗan alherin da ya yi ba tare da an biya shi ba yake da nauyi a wurina. Na fi yarda da shi a kan jarumin da ake wanke masa jini da wa'azi.

Duk da haka akwai abin da yaron ya taɓo wanda na yarda da shi har zuciya. Irin wannan mutum ba ya zaunuwa a gari. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, kuma duk kwarjininsa yana rataye ne da cewa gobe ba ya nan, ba zai je jana'izar wanda ya kashe ba, ba zai haɗu da uwarsa a bakin rijiya ba. Wani ɗan Nijar, Moustapha Alassane, ya hango wannan tun 1966, ya yi fim a kan saurayin da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. A can kowa ya san sunan kowa da na ubansa, sai abin ya tashi daga burgewa ya koma fitina. Mu da muka ga abin da bindiga a hannun samari ta yi wa ƙauyukan Zamfara da Katsina, ba ma buƙatar a yi mana bayani. Ina son fim ɗin ƙwarai, ina kuma gode wa Allah da mutumin ya tsaya a majigi.

Ba mu daidaita ba. Shi yana nan a kan Kanar, ni ina kan wanda ya zauna.

Da la'asar muka bi wata hanyar ƙasa mai 'yan kilomitoci zuwa Cortijo del Fraile, tsohon gidan gona da limaman Kirista suka gina a ƙarni na 18, shi kaɗai a tsakiyar fili da ƙaramar hasumiyarsa. Rufi ya rufta a wurare da dama, an kewaye shi da waya, daga waje muka tsaya. A fim na uku shi ne gidan ibadar da aka kai jarumin jinya bayan an jawo shi cikin hamada ba ruwa. Na ba yaron labarin wani wuri a fim ɗin, inda mutumin ya tarar da wani sojan saurayi yana gargarar mutuwa, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe shi, ya sa masa sigarinsa a baki, ya tsaya har rai ya yi halinsa, sannan ya ɗauki bargon nan da aka san shi da shi a gefen gawar.

Ya ce, "Wannan ma a nan aka ɗauka?"

Na ce a'a, ƙarshen wancan fim ɗin can arewa ne, lardin Burgos, kusa da Santo Domingo de Silos, inda sojojin Sifaniya suka gina wa Leone maƙabartar wasa mai dubban kaburbura a 1966. Ciyawa da ƙasa suka binne ta kusan shekara hamsin, sai a 2015 masu son fim ɗin suka taru da fartanya da shebur, ba mai biyansu, suka tono da'irar duwatsun da ke tsakiyarta suka sake kafa alamun kaburburan. Tafiyar wuni guda ce a mota daga inda muke, kuma jirgina na komawa gida ya matso. Yaron ya ce zai kalli na ukun a daren, in ya kammala karatu kuma na zo bikin, shi zai tuƙa mu Burgos. Na ce Allah ya kai mu, muka juya mota don mu riski magariba a Almeriya.